Tambaya da Amsa: Harhaɗa Ƙaramar Motar Soja ta Roba da Yi Mata Fenti

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan abu ɗaya suka zo, wato ƙananan motocin soja na roba da ake saye cikin kwali a warwatse, a harhaɗa su, a yi musu fenti har su ɗauko kamannin na gaske. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta san zafin Makka ba, ba ta san bushewar Riyad ko laimar Jidda ba, kuma rabin matsalolin da aka aiko mana daga nan suka taso.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son shiga wannan harka amma ban san ta inda zan fara ba. Na ga kwalaye an rubuta 1/35, wasu 1/72. Wanne zan saya, kuma wane kayan aiki nake bukata?
Ɗalibi, daga Misfala, Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar tana nufin sau nawa aka rage girman motar. A 1/35, santimita 1 a hannunka daidai yake da santimita 35 a jikin motar gaske. Ɗauki GMC CCKW misali, motar tan biyu da rabi da Amurka ta ƙera fiye da 560,000 tsakanin 1941 da 1945. Doguwar cikinsu ta kusa mita 7, don haka a 1/35 za ta zo kusan santimita 20, a 1/72 kuwa ba za ta cika santimita 10 ba. Mutane kan ɗauka ƙaramar ta fi sauƙi. Ba haka ba ne. A 1/72 madubin gefe bai fi ƙwayar shinkafa ba, in ya kuɓuce daga matsefata ya faɗa kafet, sai dai haƙuri. Fara da 1/35, kuma fara da wannan GMC ɗin ta kamfanin Tamiya, domin sassanta suna shiga juna ba da kokawa ba, launinta kuma ɗaya ne tal. Ural-4320 ta Zvezda da ZiL-131 ta ICM suna da kyau, amma sassansu sun fi yawa da sirantaka, ka bar su sai ta biyu ko ta uku.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai lafaffen baki don yanke sassa daga rassan robar da suke manne da su, wuƙar sassaƙa mai bakin lamba 11, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, matsefata, salatif na takarda, tsinken sakace, da gam iri biyu. Na farko gam mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, wanda ke narkar da robar ya haɗe ta kamar walda. Na biyu farin gam na kafintoci, don gilashi. Kada ka murɗe wani sashe da hannu ka cire shi daga reshensa, zai bar rami. Yanke nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka share guntun da wuƙa da sanfefa. Kuma ka yanke abin da matakin da kake kai ya bukata kawai, saboda lambar kowane sashe a jikin reshe take, ba a jikinsa ba.

Tambaya: Na gama harhaɗa motata mai taya goma, da na ajiye ta a kan tebur sai na ga tayar gaba ta hagu ba ta taɓa ƙasa, bodin baya kuma ya karkace. Na bi takardar mataki-mataki. Ina kuskuren yake?
Makanike, daga Jidda

Amsa: Malam, kai ka fi mu sanin abin da karkataccen shasi yake yi wa mota, kuma abin da ya samu taka ke nan. A tankar yaƙi jikin akwati ne guda, yana riƙe kansa. A babbar mota kuwa komai a kan shasi yake rataye: sifirin, aksul, giyabos, farfela, kan mota, bodi. Karkacewar rabin milimita a tsakiyar shasi takan zama milimita 2 ko 3 a bakin taya. Takardar bayani tana nuna maka abin da ke shiga ina, ba ta gaya maka yadda za ka tsayar da shi daidai.

Ga yadda ake yi. Nemi falle na gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, domin teburin katako ba ya taɓa zama a shafe sosai. Kafin gam ya taɓa komai, ɗora dogayen ƙarafunan shasin biyu a kan gilashin ka duba ko akwai wanda ya ɗaga kai. In akwai, tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 na daƙiƙa 20 ko 30, ka miƙar da shi da yatsa a hankali har ya ɗan wuce daidai, ka danne shi a kan gilashin da abu mai nauyi, sannan ka zuba masa ruwan sanyi. Ban da tafasasshen ruwa, domin wannan roba tana sakin jiki gaba ɗaya a wajen digiri 100, kuma siraran sassa kan lanƙwashe tun kafin nan. Wannan ma shi ne dalilin da ba a barin kwali a cikin mota da rana a ƙasar nan, ko da na tsawon sallar azahar ne. Wani shasin da ake cewa daga kamfani ya zo a karkace, a but ɗin mota ko a bayan babur ɗin mai kawo saƙo ya karkace.

Daga nan ka jera gicciyayyun ƙarafunan ba gam, ka riƙe su da salatif. Sa gam a na gaba da na ƙarshe tukuna, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa, ka bar shi ya bi tsagar da kansa. Kana da kamar minti 5 zuwa 10 kafin ya kama, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin waɗannan mintuna ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka auna ɗayan gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, shasin ya tsaya daidai. Sai ka manna na tsakiya, ka ɗora masa littafi, ka bar shi ya kwana. Gam ɗin yana kamawa da sauri a waje, amma robar da ya narkar a ciki takan ɗauki sa'o'i kafin ta yi tauri, kuma a lokacin ne take jan shasi gefe guda idan ba a danne shi ba.

Sifirin da aksul su ma haka. Kowane sifirin yana da layin zubi a tsakiyarsa, kankare shi da bayan wuƙa, in ba haka ba aksul zai zauna a kan tudu. Manna aksul ukun a zama ɗaya, ka cusa tayoyin ba gam, ka tsayar da motar a kan gilashi, ka ɗora ƴan kwabbai na riyal a kan shasin har tayoyin duka su taɓa ƙasa. A haka za ta bushe. Tayoyi kuwa su ne ƙarshen abin da ake mannawa, bayan fenti.

Taka da ta riga ta bushe tana gyaruwa. In tazarar ba ta wuce milimita 1 ba, shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi, ka ɗora motar, ka ja ta gaba da baya a hankali har ƙasan sauran tayoyin ya ɗan ci. Wannan ma ƙarin kyau ne, domin tayar motar da ke ɗauke da kaya ƙasanta a lafe yake. In ta wuce haka, shafa gam mai ruwa a mahaɗar tayar da ta ɗaga, jira minti 2 ya sake tausasa ta, ka zare tayar, ka faɗaɗa ramin kaɗan ta sama, ka mayar da ita ƙasa-ƙasa. Bodin baya kuwa ka sa masa siririn yankin roba a ƙarƙashin gefen da ya sunkuya. Ba mai ganinsa.

Tambaya: Na sayi ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresa. Duk sanda na fesa fenti, sai jikin motar ya fito da kaushi kamar an watsa mata rairayi, bakin bindigar kuma yana toshewa bayan minti biyu. Fentin Tamiya nake amfani da shi.
Mai karatu, daga Riyad

Amsa: Ɗan'uwa, fentinka yana bushewa a iska kafin ya isa jikin motar. Abin da ke sauka gari ne, ba ruwa ba. Iskar Riyad da rani ba ta da danshi ko kaɗan, mukayyif kuma, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Abu huɗu ke jawo wannan, kuma galibi tare suke zuwa: fenti ya yi kauri, iska ta yi ƙarfi, hannu ya yi nisa, tina tana tashi da wuri.

Fara da haɗin. Fentin Tamiya mai lambar XF ana sirka shi da tinarsa, X-20A. A ƙasa mai sanyi kashi ɗaya na fenti da kashi ɗaya na tina ya isa. A nan ka sa kashi biyu na fenti, kashi uku na tina, wani lokaci ma ɗaya da biyu. Gwajinsa shi ne ka shafa ɗigo a jikin kofin: ya gangaro kamar madara, ya bar ɗan launi a bayansa. Ƙara ruwan jinkirta bushewa na kamfanin, ɗigo 1 a kan kowane ɗigo 10 na fenti. Kada ka wuce haka, in ya yi yawa fentin zai kwana yana danƙo. Wasu kan sirka da Mr. Color Leveling Thinner, kuma gaskiya ya fi ba da santsi, sai dai warinsa mai ƙarfi ne, ba a amfani da shi sai da taga a buɗe da takunkumi mai matatar sinadari. Wannan tina kuma ba ta haɗuwa da fentin Vallejo, nan take zai dunƙule ya toshe bindiga.

Ƙarfin iska, da baki mai faɗin milimita 0.3, ka tsayar da shi tsakanin PSI 15 da 18 a agogon kwamfuresa. Nisan hannu santimita 8 zuwa 10. Inda kaushin ya fi taruwa shi ne lunguna, kamar cikin bodin baya da tsakanin kan mota da bodi, domin iska tana kewayawa a wurin da garin fenti. Shi ya sa ake fesa motar a rarrabe: shasi daban, kai daban, bodi daban, tayoyi a soke a tsinken sakace. Ajiye audugar kunne jiƙaƙƙiya da tina kusa da kai, kana goge bakin allurar lokaci-lokaci. Lokacin feshi mafi kyau shi ne bayan asuba ko da daddare, kuma ban da ranar da gari ya yi ƙura.

Abin da ya riga ya yi kaushi, bar shi kwana ɗaya, ka goga shi a hankali da sanfefa mai lamba 1500 ko 2000 da ɗan ruwa, ko da tsumman auduga in kaushin kaɗan ne, sannan ka sake fesa siririn shafi. In ya ɓaci da yawa, sifirit na kantin magani yana wanke wannan fenti ba tare da ya ci robar ba.

Tunda mun shigo nan, ga jerin aikin gaba ɗaya. Wanke sassan da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, domin maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Fesa fentin share fage, kamar Mr. Surfacer 1200, siriri. Launinsa toka-toka zai tona maka duk tsagar da ta rage da tabon gam, ka cike da fila, wato kwaɓin toshe tsaga, ka goge, ka sake fesawa. Sannan asalin launi, wanda ga GMC shi ne XF-62, koren nan mai duhu na sojan Amurka. Shafi uku sirara, minti 15 tsakanin kowanne. Shafin farko zai fito kamar bai rufe ba, haka ake so. A ƙarshe ƙara kashi ɗaya na XF-60 a kan kashi huɗu na koren, ka fesa a saman bonet, saman bodi da tsakiyar ƙofofi, inda rana ke duka. Launi a ƙaramin abu ya fi bayyana da duhu, in ba a haska shi ba motar za ta zama dunƙule ɗaya ba a rarrabe sassanta.

Masu karatu na Jidda da Dammam matsalarsu kishiyar wannan ce. Laima tana taruwa cikin tiyon kwamfuresa, sai bindiga ta tofa ɗigon ruwa a kan ɗanyen fenti, ko ruwan kashe sheƙi ya bushe fari-fari kamar an barbaɗa gari. Su sa matarar ruwa a gindin bindigar, su riƙa zubar da ruwan tankin bayan kowane aiki, su fesa a ɗakin da mukayyif ya ɗan jima yana aiki. Wanda kuma ba shi da bindiga kwata-kwata, Vallejo Model Color da lafaffen burushi mai laushi ya ishe shi: kashi biyu na fenti, ɗaya na ruwa, shafi uku, kowane shafi ya gicciye na bayansa. Ruwan ya zama tatacce irin na dutsen guga, domin ruwan tanki yakan bar farin tabo.

Tambaya: Farin tauraron da na liƙa a ƙofa gefensa yana ƙyalli kamar azurfa, gilashin gaba kuma ya yi hazo fari bayan na manna shi da sufa gulu.
Mai karatu, daga Madina

Amsa: Ƙyallin nan iska ce ta maƙale a ƙarƙashin sitikar. Fenti mara sheƙi in ka duba shi da gilashin ƙara girma tudu da kwari ne, sitika kuma sai ta kwanta a kan tuddan ta bar iska a kwarin. Maganinsa tun farko shi ne a fesa ruwan sheƙi, X-22, a wurin, a bar shi kwana ɗaya. Yanke sitikar dab da zanen, tsoma ta a ruwan ɗumi daƙiƙa 15, ajiye ta a kan tishu minti ɗaya har ta fara zamewa da kanta. Shafa Micro Set, ruwan da ke taimaka wa sitika kamawa, a wurin, zamo da ita daga takardar kai tsaye, ka matse ruwan da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Sannan Micro Sol, ruwan da ke tausasa sitika, a sama. Za ta yamutse kamar ta lalace, kada ka taɓa ta, da kanta za ta miƙe ta bi kowane ƙusa da tsaga. Wadda ta riga ta yi ƙyalli, soka mata allura wuri goma ko fiye, ka ɗiga Micro Sol ya shiga ramukan, ka maimaita sau biyu.

Gilashi kuwa tururin sufa gulu ne ya zauna a kansa, kuma ya fi kama inda yatsa ya taɓa. In hazon a sama yake, man goge haƙori fari da audugar kunne yakan ɗauke shi. Nan gaba farin gam za ka sa, da bakin tsinke, yana bushewa garau. Robar gilashi ta fi sauran gautsi, in ka datse ta da filaya kusa da jiki tsaga za ta shiga ciki, don haka ka yanke nesa ka goge saura da sanfefa.

Tambaya: Ina Dammam a 1990 lokacin da motocin sojan Amurka suka cika hanya. Ina so in yi ɗaya daga cikinsu da launin rairayi, ta fito kamar wadda ta sha hamada, don in nuna wa jikokina. Me zan saya, kuma yaya ake sa ta tsufa?
Dattijo, daga Dammam

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Motar da ta fi dacewa ita ce M923 mai tan biyar, kamfanin Italeri ya yi ta a 1/35, ko M35A2 ta AFV Club. Dukansu sun yi jigila a gabashin ƙasar nan daga watan Agusta na 1990 har yaƙin Tekun Fasha ya ƙare a farkon 1991. Abin da zai ba taku gaskiya shi ne wannan: da yawa daga motocin sun iso ne da fentinsu na Turai, kore da baƙi da ruwan ƙasa, aka fesa musu launin rairayi da gaggawa bayan sun sauka. Saboda haka shasi da cikin kan mota da ƙarƙashin bodi sukan kasance kore, kuma koren yakan leƙo inda aka gogi fentin. Akwai kuma alamar da sojojin ƙawance suka zana a ƙofofi don gane juna, harafin V a kife, galibi baƙi. Ku yi ta da salatif da burushi, in ta ɗan karkace ma daidai ne, don da hannu aka yi da yawansu.

Ku fesa koren tukuna, XF-67, ya kwana. Ku fesa man feshin gashi na mata, wanda ke sandarar da gashi, shafi biyu sirara, minti 10 ya bushe. A kansa ku fesa launin rairayi: XF-57 kashi biyu, XF-59 kashi ɗaya, da ɗan fari. Bayan rabin sa'a ku jiƙa wuri ɗaya da ruwa, ku goga da burushi mai tauri. Ruwan zai ratsa ya narkar da man gashin, fentin sama ya ɓanɓare ƙanana-ƙanana, koren ya fito. Ku tsaya ga inda ƙafa da hannu da kaya ke gogawa: matakalar hawa, gefen ƙofa, bamba, ƙofar bodin baya, daɓen bodi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɓanɓare ko'ina, har mota ta koma kamar ta shekara 30 a bola, alhali waɗannan watanni kawai suka yi a nan. Tsatsa ma haka. Ban da salansa da ɗan abin da ke kan sifirin, motar hamada ba ta cika tsatsa ba.

Bayan nan ruwan sheƙi, sitika, sannan wankin duhu. Fentin mai na masu zane, launin Burnt Umber, da ake samu a Jarir da sauran kantunan kayan zane, gwargwadon ƙwayar wake cikin cokalin shayi biyu na tinar masu zane mara wari. Da siririn burushi ku taɓa kan ƙusoshi da tsagogi, zai bi su da kansa. Bayan minti 15 ku share abin da ya fita da burushi mai ɗan danshin tina. Ana yin wannan a kan ruwan sheƙi na akirilik ne saboda tinar mai ba ta cin sa. Kada ku bari tinar ta kwanta a mahaɗar sifirin da aksul, tana sa robar ta yi gautsi ta karye. Kwana 2 ya bushe, sannan ruwan kashe sheƙi, XF-86.

Ƙura ce ƙarshe, kuma ita ce ran motar hamada. Kada ku ɗebo rairayin waje, domin ƙwayar da ta kai milimita 1, a wannan awo dutse ce mai santimita 3 da rabi. Allin zane mai laushi za ku goga a kan sanfefa, ruwan ƙasa mai haske da fari da ɗan rawaya, ku gauraya. Ku cusa garin da busasshen burushi cikin zanen taya, lungunan bodi, saman tankin mai da gindin gilashi, ku ɗiga tina mara wari a gefe ta ratsa ta zaunar da shi. Ku goge saman zanen tayar da yatsa, domin wurin da ke taka ƙasa ba ya riƙe ƙura. Taya kanta ba baƙa ƙirin ba ce, XF-85 ya fi kama da roba. A gilashin gaba ku yanka salatif siffar rabin da'ira daidai tsawon waifa, ku liƙa, ku fesa XF-57 da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, shafi ɗaya tak, ku cire salatif ɗin.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya nace sai an saya masa. Gidanmu shugga ce, wato sashe a cikin bene, tagogi a rufe kullum. Ina tsoron warin fentin, kuma na ga akwai ɗan mutum-mutumin direba a kwalin, mahaifinsa ba ya son a ajiye shi a gida.
Uwar yara, daga Ɗa'if

Amsa: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Mukayyif ɗin bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa, don haka tururin gam da tina yana nan tare da ku har a buɗe taga. Yaro mai shekara 12 ban da gwangwanin feshi, ban da bindiga, ban da tina mai ƙarfi. Fentin Vallejo ko Revell Aqua da burushi ya wadatar, da ruwa ake sirka su, da ruwa ake wanke burushin. Gam kuwa ya buɗe kwalbar lokacin shafawa kawai, taga a buɗe, kuma ba kusa da murhu ko kaskon turare ba, domin yana kama wuta. Yawancin kwalayen an rubuta musu shekara 14 zuwa sama saboda wuƙa da ƙananan sassa, don haka aikin wuƙa babba ya yi masa, shi ya riƙe filaya da sanfefa. A kuma nisanta tebur ɗin daga ƙannensa masu sa abu a baki.

Hukuncin mutum-mutumi na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar aiki dai motar ba ta bukatar direban ko kaɗan, sashe ne daban da ba ya riƙe komai. A bar shi a reshensa. Sai dai kujerar da ba kowa ido yana faɗa mata, don haka a kula da ita: a cike ramin da aka yi don zaunar da direban da fila, a yi wa kujerar launin kaki, a ɗora mata naɗaɗɗen bargo na tishu ko ƙaramar taswira ta takarda. In ƙofar daban take, a manna ta a ɗan buɗe, sai motar ta zama wadda aka faka direban ya sauka.

Tambaya: Tamfol ɗin da ya zo a kwali ya yi kauri, bai yi kama da yadi ba. Sannan wata mota da na ajiye shekara guda, na ga wilinta ya narke inda tayar roba mai laushi ta taɓa shi.
Tela, daga Shari' Mansur, Makka

Amsa: Malam, tamfol da tishu ake yi, wanda ba shi da zane a jiki, falle biyu. Rufe bodin da ledar naɗe abinci don kare fenti, ka bar lanƙwasassun ƙarafunan da ke riƙe tamfol a waje. Yanka tishun ya zarce kowane gefe da santimita 1, ka ɗora shi a bushe, sannan ka ɗiga masa farin gam da aka sirka, kashi ɗaya gam, kashi biyu ruwa, da burushi mai laushi daga tsakiya. Da kansa zai lotsa tsakanin ƙarafunan. Ka gyara naɗin da jiƙaƙƙen burushi, ban da yatsa, yana yagewa. In ya kwana zai yi tauri, ka datse gefen da almakashi, ka yi masa XF-49 ko koren da aka haska. Igiyoyin ɗauri zaren ɗinki ne, ka ja shi ta cikin kakin zuma tukuna don gashinsa ya kwanta.

Narkewar wili kuwa daga sinadarin da ke sa tayar laushi ne. Yana tsattsafowa a hankali ya ci robar wilin, zafi kuma yana hanzarta shi, musamman a gidan da ake kashe mukayyif a yi tafiyar hutu wata biyu. Kafin a sa irin wannan taya, a wanke ta da sabulu, a rufe bakin wilin duka da fentin share fage da ruwan sheƙi shafi biyu, ko a naɗa masa siririn takardar alminiyam, ta yadda roba ba za ta taɓa roba ba. Ko a cikin kwali ma a ware tayoyin cikin ledarsu daban. Wanda ya riga ya narke ba ya dawowa, sai a kankare wurin, a cike da fila, a sa sabbin tayoyi na rezin, wata irin roba mai tauri, waɗanda da sufa gulu ake manna su. Motar da aka gama a ajiye ta cikin akwatin gilashi nesa da taga, a sa ɗan guntun roba mai tauri a ƙarƙashin aksul ya ɗauke wa tayoyin nauyi.